Kafin Inna Ta Hau Goɗiya

Ina tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa, waya ta yi ƙara. Ƙanena ne daga Jibiya. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Yaya, sai haƙuri. Inna ta cika."

Na ce, "Yaushe?"

"Yanzun nan. Ana ɗora ruwan wanka. In za ki taso, ki taso."

Na ajiye faifan a ƙasa. Kaji suka taru a kan shinkafar, ban kore su ba. Daga Maraɗi, inda nake aure, zuwa ƙauyenmu da ke gab da bakin iyaka ba wata tafiya ba ce. Amma ranar mun tarar da layin manyan motoci tun kafin duwan, wato shingen 'yan kwastan, muka tsaya, muka yi ta tsayuwa. Ba na ɗora wa kowa laifi, aikinsu suke yi. Ina zaune a motar, ta taga ina hangen tsohon burtalin shanu da ke gabas da titi, wanda ya ratsa iyakar tun kafin a san da shinge. Gonaki sun cinye shi, saura ɗan siriri. Shi na yi ta kallo har aka ɗaga mana sanda.

Da na isa, maza sun riga sun dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarta ba.

A cikin gida mata sun cika tabarmi. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune a kan wani tsohon turmi da aka kife a gindin dogonyaro, saboda gwiwoyinta ba sa yarda ta zauna a ƙasa. Ita ke karɓar gaisuwa. Na durƙusa, muka yi wa juna haƙuri, na samu gefe na zauna. Ko ruwa ban gama sha ba na ji ta fara.

"Allah ya jiƙan mai goɗiya. Mace mai haƙuri, ba ta da abokin faɗa. Abu guda dai ta yi a duniya, Allah ya yafe mata shi."

Mata suka amsa da amin. Gwaggo ta juya wajen ɗiyar ƙanena, wadda ta zo goyon ciki na fari, tana rakuɓe a ƙofar ɗaki.

"Ke ɗiyar nan, ki iya zama wuri guda, kin ji ko? Kakarki da ciki wata biyar ta haye doki, ta yi ta sukuwa har Faransi. Ɗa namiji ta zubar."

Faransi, haka tsofaffinmu ke kiran tsallaken iyaka har yau. Ƙasar kabarin Inna ko bushewa ba ta yi ba. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Shekara arba'in ke nan ina jin labarin nan, kuma kullum daga tsakiya ake fara shi. Gwaggo ba ta ma garin ranar, tana can gidan aurenta a Riko. Ni ina nan. Don haka, mai karatu, ka yi haƙuri da ni in fara maka shi daga farko.

Gidanmu na ƙasa ne, zaure ɗaya, ɗaki uku, rumbu biyu, sai turken goɗiya a gindin dogonyaron nan. Goɗiyar ja ce mai farin goshi, kuma ta Inna ce. Inna ɗiyar makiyaya ce da suka daɗe da zama a tsallaken iyaka, suna noma suna kiwo. Mahaifinta bai samu ɗa namiji da wuri ba, sai ta tashi tana bin shanu a kan doki kamar namiji. Da za a kawo ta gidan Baba, a kan goɗiyar aka ɗauko ta, mahaifinta ya ce a bar mata ita. Tun da ta sauka ranar ba ta sake hawa ba, don a wajenmu matar aure ba ta hawan doki. Baba ne ke zuwa kasuwa a kanta. Amma Inna ce ke ba ta dusa da kanwa, ita ke zuba mata harawa, ita ke hura mata hayaƙi da damina don ƙudaje. Har yau in na ji warin ɗanyen ganye yana ci a wuta, turken nan nake gani. Takan tsaya tana shafa wuyan dabbar tana yi mata magana da Fillanci a hankali, goɗiyar tana kaɗa kunne.

Da goɗiya take hira, ba da ni ba. Ni ce 'yar fari, kuma alkunyar ɗan fari a wajen mutanen Inna ba wasa ba ce. Ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ta ɗaukata a gaban mutane. "Ke," take ce mini, ko ta ce da wani, "Ku kira waccan." Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba. A bayanta na yi barci, a kwanonta na ci tuwo. Ɗakinta warin daddawa yake yi, don ita take yi ta sayarwa. Takan ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai, in na ƙi aike ta ce, "Mai kunnen ƙashi, bari mijinki ya zo in gaya masa ya sake shawara." In ce mata ai ita ma mijinta Malam haƙuri ya yi da ita har ya rasu. Ta jefe ni da mafici tana dariya. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka Kaka muguwa ce. Ban taɓa son wani mutum kamar yadda na so ta ba.

Bayan haihuwata Inna ta yi shekara takwas ba ta sake samun ciki ba. Da ya samu, ba wanda ya faɗa, amma kowa ya sani. Na ga yadda take tashi a hankali, yadda take dafa bango kafin ta tsallake dokin ƙofa. Mace ba ta jira shekara takwas sannan ta yi wasa da abin da ta jira.

Kaka kuwa tana da nata sanin, wanda ta gada daga iyayenta. Takan ce, "Ni haihuwa bakwai na yi, kowace da taɓarya a hannuna har ranar naƙuda. Mai ciki in ta zauna, haihuwa wuya take yi mata." Ta yarda da haka har zuciyarta, kamar yadda yawancin matan garin suka yarda.

A daminar nan ne aka rufe iyaka. Titin da a da ba ya rabo da motoci ya yi tsit, har awaki na kwanciya a kansa. Wanda zai shiga garin Jibiya sai dai ya taka da ƙafa ko ya hau jaki. A daminar ce kuma Baba ya kira gayyar noma na biyu a babbar gonarsa ta wajen ƙauyen Kusa, mai nisa da gida. Maza kusan talatin suka amsa. Ciyar da maza talatin ba ƙaramin aiki ba ne. Kwana biyu kafin ranar aka fito da dammunan gero daga rumbu. Sussuka, sheƙa, surfe, wanki, daka. Maƙwabta sun taya, amma kowace na da nata gidan. Inna ce a kan turmi tun hantsi har rana ta yi sanyi, kwana biyu a jere. Ina tuna yadda takan tsaya ta jingina goshinta da taɓarya, sannan ta ci gaba.

Ranar gayya an yi ruwa da asuba, gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi. Maza suka wuce da fartanyu a kafaɗa. Kaka ta aike ni in zubar da toka a bayan ɗaki. Can na tarar da Inna a durƙushe tana ɗauraye zane a ƙwarya. Ruwan da ke gangarowa ta ƙarƙashin ƙafarta ja ne. Da ta gan ni ta tura zanen bayanta.

Ta miƙe da ƙyar, ta nufi ƙofar Kaka. Ina biye da ita da kaskon toka a hannu. Ta durƙusa daga waje kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa. Kaka na ciki tana cura fura.

"Iya," in ji Inna, muryarta can ƙasa. "Na ga jini."

Sai wanda ya san irin kunyar Inna zai san abin da faɗin wannan ya ci mata. Hannun Kaka ya tsaya a cikin gari.

"Da yawa?"

"Da ɗan dama."

"Ba komi ba ne, in Allah ya so. Ni ma na taɓa gani. Jiƙa sabara ki sha, ki kishingiɗa. In ya dawo da la'asar sai a san abin yi."

Inna ta ce, "Ko a aika a kira shi?"

"A tada mutum daga gayyarsa, gaban maza talatin, a ce masa mi? Haba ɗiyar nan."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Babu faɗa, babu zagi. Inna ta ce to, ta je ta jiƙa sabara ta sha, ta kwanta.

Kafin rana ta take, Kaka da 'yan matan maƙwabta suka ɗauki ƙoren fura da kwanukan tuwo suka nufi gona. Ta ce in zauna in kula da wuta. Ta je gonar, ta ga Baba ido da ido, ta ajiye abinci, ba ta gaya masa ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Baba ɗan farinta ne. Ita ma ba ta kama sunansa. Ta yaya za ta ja shi gefe a gaban abokansa ta yi masa zancen cikin matarsa? Na gane dalilin tun tuni. Ganewar ba ta taɓa rage mini zafin ba.

Gida ya rage daga ni sai Inna sai goɗiya. Ina zaune a bakin murhu na ji an kira sunana. Na waiwaya ina neman baƙuwar da ta shigo, don ban san muryar da wannan sunan ba. Aka sake kira. Daga ɗakin Inna ne. A iya sanina, ranar ce kaɗai sunana ya fito daga bakinta.

Na same ta tsaye tana dafe da bango, fuskarta ta yi fari, gumi na zuba. Ta ɗaura zane biyu. Ta fito a hankali zuwa zaure inda sirdi yake rataye, ta kama shi, ta kasa ɗagawa, ta bar shi. Ta ɗauki linzami kaɗai. Goɗiyar ta sunkuyo da kai da kanta kamar ta san ana sauri. Inna ta ninka bargo ta shimfiɗa a bayanta.

"Mirgino turmin nan," ta ce.

Turmin da ta kwana biyu a kansa. Ya fi ƙarfina, da ƙirji na yi ta tura shi har gindin turke, muka kife shi tare. Na riƙe ragama. Ta taka turmin, ta tsaya tana numfashi, sannan ta zauna a bayan goɗiyar, ƙafafunta duka a gefe ɗaya. Asibitin gari ya yi nisa, babu mota, babu mai kai ta. Rugar iyayenta kuwa ta burtali kusa take, kuma daga can gidan likita ba nisa.

Ta dube ni, ido cikin ido.

"In Iya ta dawo, ki ce na tafi wurin uwata. Kada ki ce komi ban da wannan."

Na buɗe mata ƙyauren dangar baya. Ba sukuwa ta yi ba. Ina so a rubuta wannan a wani wuri, shi ya sa nake rubuta shi. Goɗiyar tafiya take yi taku ɗai-ɗai, tana zaɓen inda za ta sa ƙafa a cikin laka, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono a cike. Na tsaya ina kallonsu har gero ya rufe su.

Da na dawo na ga sawun ƙafarta a gindin turmin, ja. Abin da ya zo mini kawai shi ne Kaka za ta yi faɗa an ɓata turmin abinci. Na ɗebo ruwa da toka na wanke shi tas, na mirgina shi na mai da shi wurinsa. Shekarata tara.

Kaka ta riga maza dawowa. Ta leƙa ɗakin Inna, ta dubi turke, ta dube ni. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ta zauna a bakin ƙofa ta riƙe kai har la'asar.

Baba ya shigo da laka har gwiwa. Ya tsaya a gaban turken.

"Ina goɗiya?"

Kaka ta ce, tana kallon gefe, "Tambayi ɗiyarka. Ni ina gona."

Ya juyo. "Wa ya kwance ta?"

"Inna."

"Da idonki kin ga ta hau?"

Kaka na tsaye a bayana, tafin hannunta a kan kaina. Ba ta matse ni ba. Hannun dai yana nan, da ɗuminsa da warin daddawa.

Na ce, "Na gani."

Bai tambaye ni abin da na gani kafin nan ba. Da ya tambaya, ban san abin da zan ce ba, amma bai tambaya ba. Maƙwabtan da suka shigo ajiye ƙore suna tsaye suna ji. Kafin magariba gari ya ɗauka.

Washegari Baba ya tsallaka da ƙafa. Da yamma ya dawo yana jaye da goɗiyar, ba kowa a kanta. An kai Inna gidan likita a amalanke. Cikin ya zube, namiji ne. Ita ma da ƙyar aka samo ta. Mahaifiyarta ta gaya mini bayan shekaru cewa da an jira la'asar ɗin nan, da gawa biyu aka yi.

Amma a garinmu ba haka labarin ya zauna ba. Aka ce ta hau doki, ciki ya zube. Kaka ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Ba ta taɓa cewa dokin ne ba. Mutane ne suka faɗa, ita kuma ta yi shiru. Daga baya aka ƙara sukuwa. Wasu suka ce goɗiyar ta kayar da ita a bakin gulbi. Wasu suka ce yaji ta yi. Aka ce halin mutanen daji ne, ba sa zama. Maganar ta yi wa Baba yawa, kafin Inna ta dawo ya kai goɗiyar kasuwa.

Bayan wata biyu aka dawo da ita, ta rame. Ta shigo, ta dubi turken, ta wuce ɗaki. Da safe na ji ta tana shara. Ta daɗe, in ta yi surfe, tana ware dusa a ƙwarya ta nufi gindin dogonyaro, sai ta tuna a tsakiyar hanya, ta juya ta zuba wa awaki. Bayan shekara biyu ta haifi ƙanena. Sunan mai goɗiya kuwa ya bi ta. Duk yarinyar da ta yi ciki a unguwarmu, da Inna ake yi mata gargaɗi, wani lokaci tana zaune a wurin.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Ina da shekara goma sha biyu, Kaka na yi mini kitso, kaina a kan cinyarta, na ce, "Kaka, ai ranar nan tun da safe Inna ta zo ta ce maki..."

Ta ja gashina har na ji hawaye. "Riƙe kanki da kyau." Ta ci gaba da kitson, amma layin ya karkace, sai da ta kwance shi sau biyu.

Da na yi aure na zo goyon ciki, Kaka ta riga ta rasu. Wata rana na ɗauki taɓarya zan daka yaji, Inna ta taso daga inda take ta zare ta daga hannuna ba tare da ta dube ni ba. Har na haihu ban taɓa turmi ba. Matan unguwa suna dariya, wai mai goɗiya ce yau ke koya wa wata tattalin ciki. Da muka rage mu biyu a madafa na ce, "Inna, ni fa na ga zanen nan."

Tana tura itace a murhu ta ce, "Wa ya goye ki?"

"Kaka."

"To."

Ba ta ƙara ba, kuma ba mu sake komawa kan maganar ba har ta bar duniya.

A wajen awo a Maraɗi na taɓa tambayar wata ma'aikaciya, kamar labarin wata nake ba ta. Ta ce ita ba za ta ba mai ciki shawarar hawan doki ba, don ana iya faɗowa, kuma jijjiga ba ta da kyau. Ta ce amma ciki kan zube ba tare da an san dalili ba, babu mai iya rantsuwa cewa daka ne ko doki ne. Abin da ta fi nanatawa shi ne, mai ciki in ta ga jini kada ta jira kowa. Saboda haka ni ban ce dakan ne ba. Ban ce Kaka ce ta kashe shi ba. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne wanda ya riga wani. Jini ne ya riga, sannan goɗiya.

Ranar sadakar uku Gwaggo ta sake ɗauko labarin ga wasu baƙi daga Farfaru. Na ji bakina ya buɗe.

"Gwaggo, ba haka aka yi ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma? Shekararki nawa lokacin? Majina na hancinki kina bin uwata kamar jela. Yau ke za ki ba ni labarin gidanmu?"

Mata suka yi dariya, irin dariyar da ake nema a gidan makoki don a ɗan sarara. Kafin in haɗa kalma ta biyu wasu suka yi sallama, aka ɗaga hannu ana fatiha. Na ɗaga nawa ni ma. Tana zaune a kan turmin, ba ta san ko wane turmi ba ne.

Na ga cewa in daga bakina ne, ba za ta zauna ba. Za a ce ɗiya ce ke kare uwarta, ta kuma tozarta wadda ta goye ta. Mutum ɗaya ne in ya faɗa, magana ta ƙare. Ranar bakwai da hantsi na sami Baba shi kaɗai a zaure. Idonsa ya yi rauni yanzu, da murya yake gane mutane. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, akwai maganar da nake son yi tun ina yarinya."

Ya ja carbi ɗaya, biyu. "Ta goɗiya."



"Na sani," ya ce. "Tun ranar da na tsallaka, mahaifiyar uwarki ta nuna mini zanen. Ta gaya mini abin da ban taɓa ji daga bakin suruka ba."

"Ka sani, Baba? Ka kai goɗiyar kasuwa ka sani?"

"In dawo in ce mi? In tsaya a tsakar gida in ce uwata ce ta ce a jira? Kuma Iya ta nemi gafarar uwarki. Kwana biyu kafin ta cika ta sa na kira ta, mu uku a ɗaki. Uwarki ta ce ta yafe duniya da lahira. Sun gama tsakaninsu. Ke mi ya rage maki?"

"Sunanta, Baba. An yafe a ɗaki, a tsakar gida kuma har jiya ana ba jikarka labarin. Ba sai ka ambaci Kaka ba. Ka ce wa Gwaggo kawai ba ta da lafiya ne ta hau, neman magani ta tafi. Kalma nawa ce?"

Ya daɗe yana murza carbin.

"Ta iya hawa," ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba. "Ta fi ni iyawa nesa." Sannan ya goge ido da bakin rawani. "Allah ya kai mu arba'in."

Na koma Maraɗi na ƙirga kwanaki. Ranar arba'in na sake tsallakowa. A bakin iyaka yanzu babura ne ko'ina, suna ratsa daji da jarkoki da buhuna, kuma na ga mata masu tsohon ciki a bayansu ana ta jijjiga su a kan ramuka, ba mai cewa komai. A duk ƙauyenmu babu sauran mai doki. Yaran gidanmu ba su taɓa jin warin harawa a turke ba. Dokin ya tafi, labarin ya zauna.

Bayan an yi addu'a an raba waina, Baba ya aika a kira masa Gwaggo. Ta tafi tana dogara sanda. Na bi ta na tsaya a bayan katangar zaure, kamar yarinya 'yar shekara tara. Na ji ya yi gyaran murya. Ya tambaye ta gwiwa. Ya ce a raba kwanukan marigayiya tsakanin jikoki. Ya sake gyaran murya. Sannan ya ce rufin ɗakinta na yoyo, a gaya wa yara su duba kafin ruwa ya sauka. Gwaggo ta ce to, ta fito, ta wuce ni.

Na sami ɗiyar ƙanena a bayan ɗaki tana shanya, cikinta ya sauko. Na kama hannunta.

"Ki saurare ni. In kin ga jini, ko ɗigo ne, ki faɗa da ƙarfi. In an ce ki jira, kada ki jira. Ki sa a kai ki asibiti ko da wa ake tare."

Ta yi murmushi don ta kwantar mini da hankali. Gwaggon Maraɗi, haka yaran gidan ke kirana.

"To, Gwaggon Maraɗi. Kada ki damu, ai ni ba na hawan doki."

A nan ya kamata in zaunar da ita in fara mata daga toka da ƙwarya. Na buɗe baki, sai na ji tafin hannun nan a kaina, da ɗuminsa. Na ce mata Allah ya raba lafiya, na je na ɗauki jakata.

Baba bai faɗa ba. Ni ma har yau ban gaya wa matan gidanmu ba.